Kalmomin Turanci masu haruffa iri ɗaya: ma'anarsu ma tana da alaƙa?

Malamar_Aji_Biyar:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da Turanci a aji biyar na firamare, kuma ina neman a haska min wani abu. An turo min wani hoto a WhatsApp mai cewa listen da silent haruffansu shida iri ɗaya ne, juya su kawai aka yi. Na ƙirga na ga haka ne. A ƙasan hoton an rubuta wai hikima ce Turawa suka ɓoye, domin ba ka iya saurare sai ka yi shiru. Aka kuma kawo earth da heart, wai duniya da zuciya abu ɗaya ne.

Tambayata biyu ce. Da gaske ne idan kalmomi suka haɗa haruffa to ma'anarsu ma tana da dangantaka? Sannan ya dace in riƙa koya wa yara irin waɗannan kalmomi a tare? Domin a shifta kullum form da from suke sauya min, da quiet da quite, da angel da angle. Ina tsoron in jera musu su a allo in ƙara rikita su.

Baban_Khalifa:
Wa alaikumus salam Malama. Ni dai na ga hoton nan kuma ya burge ni. Ba na jin a banza abin ya zo haka. Haruffa shida cif, ba ƙari ba ragi, kuma ma'ana ta yi daidai da juna? Akwai tunani a ciki.

Tsohon_Hedimasta:
Wa alaikumus salam. 'Yata, kama da wane ba wane ba ne. Kalmomin nan biyu ba su ma fito daga gida ɗaya ba. Listen tsohuwar kalmar Turanci ce, tana cikin harshen tun fiye da shekara dubu da suka wuce, lokacin ana rubuta ta hlysnan. Silent kuwa baƙuwa ce, daga Latin aka aro ta, daga silere, wato yin shiru, kuma sai ɗaruruwan shekaru bayan haka ta shigo. Babu wani mutum da ya zauna ya tsara su domin su dace.

Baban Khalifa, ka ƙara duba haruffan nan shida. Suna ba da enlist, shiga aikin soja ko sa suna a jeri. Suna ba da tinsel, wannan ƙyalƙyalin da ake ratayawa a bishiyar Kirsimeti. Suna ba da inlets, 'yan mashigun ruwa a bakin teku. Mai hoton ya ɗauki biyun da suka yi masa daɗi ya bar uku. Haka ake yi a duk irin waɗannan hotuna.

Ummu_Sadiya:
Baba Hedimasta ya gama magana. Idan aka ce haɗa haruffa haɗa ma'ana ne, to me za a ce da teacher da cheater? Malami da macuci. Haruffa bakwai ne iri ɗaya, kuma da su ake rubuta hectare, wato hekta ta awon gona. Ni malama ce, ba zan yarda a koya wa ɗana wannan ƙa'idar ba.

Baban_Khalifa:
To na ji. Amma ko da dace ne kawai, ai ba laifi a yi amfani da shi a ja hankalin yaro. In ka ce masa mai listen sai ya zama silent, ya riƙe rubutun kalma biyu a lokaci ɗaya.

Tsohon_Hedimasta:
Wannan kam ban ƙi ba. A ce masa dabarar tuni ce. Abin da ban so shi ne a ce masa asalin kalmomin ke nan, domin yaro yana ɗaukar maganar malaminsa har ya girma.

Ƴar_Funtuwa:
Ai mu ma muna da su a Hausa, ban san me ya sa ake mamaki ba. Kare da rake. Gari, riga, gira, ragi. Sama, masa, amsa. Fari, rafi, fira. Wa zai ce kare da rake 'yan uwa ne? Da muna yara a zaurance muke juya gaɓa, gari ta koma riga, sama ta koma masa, mu yi ta dariya saboda kalmar da muka so ɓoyewa ta faɗa kan wata kalmar ta gaske.

Ɗalibin_Harshe:
Anti Ƴar Funtuwa, misalanki sun yi, sai dai a lura cewa a takarda ne kawai suka zama ɗaya. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Gari na mutane da garin tuwo ma rubutunsu ɗaya, baki ne ke raba su. Wannan ya nuna haɗuwar haruffa abu ne na rubutu, ba na harshen kansa ba. Turanci haruffa 26 yake da su, sautukansa kuwa sun kai wajen 44, kalmominsa dubbai ɗaruruwa. Dole a yi ta karo. Haruffa huɗu mabambanta ana iya jera su hanya 24. Ku ɗauki s, t, o, p: a cikin 24 ɗin nan shida kalmomi ne da kowa zai samu a ƙamus. Stop tsayawa, spot tabo ko wuri, post gidan waya ko muƙami, pots tukwane, tops saman abubuwa, opts ya zaɓa. Sauran jerin galibinsu ba komai ba ne.

Almajirin_Nahawu:
Salamu alaikum. Ina so in sa baki domin tunanin Baban Khalifa ba sabo ba ne, manyan malamai sun yi shi, sai dai a Larabci. Khalil bin Ahmad na Basra, a ƙarni na takwas na miladiyya, da ya tsara ƙamusunsa Kitabul Aini, a kan juya haruffa ya gina shi. Sai ya ɗauki saiwa mai baƙaƙe uku ya juya ta hanya shida, ya nuna waɗanda Larabawa suke amfani da su da waɗanda aka bari. Bayansa Ibnu Jinni, wanda ya rasu a 1002, ya ƙara gaba a littafinsa Al-Khasa'is. Ya ce sau da yawa juye-juyen saiwa ɗaya sukan taru a kan wata ma'ana guda. Ya ba da misali da kaf, lam, mim, ya ce duk yadda aka juya su ƙarfi da tsanani suke nunawa: kalama ya ji wa wani rauni, kamula ya cika, lakama ya kai naushi, malaka ya mallaka. Ku lura Hausa ta aro daga cikinsu: kalma, kamala, mulki.

Amma shi da kansa bai ce abin ya game dukkan harshen ba, kuma akwai malaman da ba su bi shi a kai ba. To wannan Larabci ke nan, inda kalma take tsiro daga baƙaƙe uku. Turanci ba haka gininsa yake ba. Fiye da rabin kalmominsa aro ne daga Faransanci da Latin da Girkanci, an zuba a kan tsohon harshe ɗan uwan Jamusanci. Don haka ko da mutum ya gamsu da Ibnu Jinni, ba zai ɗauko hukuncin ya ɗora wa listen da silent ba.

Baban_Khalifa:
Allah ya ƙara ilimi, Malam. Ashe dai tambayar tana da asali. Wannan ya fi min hoton amfani.

Sarkin_Allo:
Ku ba ni wuri, wannan fagenmu ne mu 'yan Scrabble, wasan haɗa kalmomi da ƙwayoyin haruffa. Duk wasan a kan wannan abu yake tafiya. Ana ba ka ƙwayoyi bakwai a kan ɗan katakonka, in ka iya ajiye su duka a zubi ɗaya ka samu ƙarin maki 50. Shi ya sa ɗan wasa na gaske ba ya haddace kalma yadda ake rubuta ta, sai ya jera haruffanta bi da bi daga a zuwa z ya haddace jerin tare da duk kalmomin da yake haifarwa. Jerin da kowane sabon shiga yake fara koya shi ne A E I N R S T, saboda haruffan suna da yawa a jaka: cikin ƙwayoyi 100, E goma sha biyu ce, A tara, I tara, N da R da T shida-shida. Daga nan ake samun retains yana riƙewa, nastier mafi muni, retinas bangon cikin ido da ke karɓar haske, stainer mai rini ko abin rini, retsina wata giya ta ƙasar Girka. Akwai wasu ma bayan waɗannan.

In kun taɓa zama kusa da masu gasa za ku ga yatsunsu ba sa hutawa. Mutum zai ware ING ko ER ko S ya tura gefen dama, ya tura RE ko UN gefen hagu, ya zuba wa ukun ko huɗun da suka rage a tsakiya ido, agogo na tafiya, ba ka jin komai a ɗakin sai ƙarar ƙwayoyi a cikin jaka.

Kuma ku sani Najeriya ba baya ba ce a nan. A 2015 Wellington Jighere, ɗan jihar Delta, ya ci gasar duniya a Perth ta Ostiraliya, ya doke Lewis Mackay na Ingila a wasan ƙarshe huɗu da nema. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya ɗauki kofin.

Malamar_Aji_Biyar:
Yaya Sarkin Allo, wato kana ganin in saya wa ajina Scrabble? Yana ƙara wa yaro Turanci da gaske?

Sarkin_Allo:
Yana gyara rubutun kalma ƙwarai, yana kaifafa ido. Amma zan faɗa miki gaskiya, ba ya koyar da ma'ana sai in malami ya tilasta. A gasa babu mai tambayar ka fassara, alƙali dubawa kawai yake ko kalmar tana cikin jerin da aka amince da shi. Nigel Richards, mutumin Niyu Zilan, ya ci gasar Scrabble ta Faransanci a Beljiyam a 2015 alhali ba ya jin Faransanci. Haddace jerin kalmomin ya yi cikin 'yan makonni. Ni kaina ina buga QI da XU da ZA saboda maki, ban taɓa jin wani ya sa su a hira ba. In za ki kai wasan aji ki kafa doka: duk wanda ya ajiye kalma sai ya faɗi ma'anarta da Hausa ya kuma sa ta a jimla, in ya kasa babu maki.

Ɗan_Damagaram:
Sannunku 'yan uwa na Najeriya. Mu nan Nijar Faransanci muka yi a lakwal, wato makarantar boko, kuma abin ɗaya ne. Mushenmu, wato malaminmu, yakan rubuta chien, niche, Chine a allo: kare, ɗakin kare, ƙasar Sin. Biyun farko sun yi kamar an shirya su, ta ukun ta rushe shirin. Haka Marie, aimer, maire: sunan mace, ƙauna, magajin gari. Labarin Nigel ɗin nan kuwa na ji shi a rediyo a lokacin, 'yan wasan Faransanci sun sha mamaki.

Yanzu ina koyon Turanci saboda fatauci tsakanin Zinder da Kano. Abin da ya fi wahalar da ni ba juyayyun haruffa ba ne, waɗanda suke a jere ɗaya ne amma baki ya bambanta su. Though, through, tough, cough, thought. Ko akwai mai bayani?

Tsohon_Hedimasta:
Ɗana na Damagaram, ka taɓo inda kowa yake kuka, har 'ya'yan Turawan. Haruffan nan huɗu, o u g h, ga yadda suke fita: though, ko da yake, ana cewa kamar "dou". Through, ta ciki, kamar "thru". Tough, mai tauri, kamar "taf". Cough, tari, kamar "kof". Thought, tunani, kamar "thot" da jan wasali. Plough, garma, kamar "plau". Thorough kuma, wato yin abu sosai, ƙarshenta a bakin mutanen Ingila ɗan gajeren wasali ne da kusan ba a ji.

Dalili shi ne gh ɗin nan a da ana furta shi, daga maƙogwaro, kusa da harafin kha na Larabci. Jamusawa har gobe suna da shi: night ta Turanci Nacht ce a wurinsu, daughter Tochter, laugh lachen. A Ingila sautin ya ɓace a wasu kalmomi, a wasu ya rikiɗe ya zama f. A daidai wannan zamani wasulan Turanci ma suna ta sauyawa. William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster a 1476, daga nan rubutu ya fara daskarewa a takarda yayin da baki bai daina tafiya ba. Abin da muke haddacewa yau furucin mutanen da ne. Babu ƙa'idar da za ta fisshe ka, sai dai ka koyi kowace da jimlarta.

Ɗan_Damagaram:
Na gode Baba. Amurkawa na ga suna rubuta plow.

Tsohon_Hedimasta:
Haka ne, sun sauƙaƙa wannan. Amma mu a jarrabawar WAEC da NECO rubutun Ingila aka fi bi, kuma akwai sashen da ake tambayar sautuka, inda suke son kawo irin waɗannan kalmomi.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Ɗana yana aji biyu, shekararsa bakwai, yana karanta was a matsayin saw, on a matsayin no. Wata maƙwabciyata ta ce wai don ya fara da makarantar allo ne, idonsa ya saba daga dama zuwa hagu. Har ta ce in cire shi daga ɗaya. Hankalina bai kwanta ba.

Ummu_Sadiya:
Hajiya kada ki cire shi. Yaran Ingila da ba su taɓa ganin allo ba su ma suna yin was da saw, suna sauya b da d. Abu ne da aka sani a farkon koyon karatu, kuma yawanci yana wucewa wajen shekara bakwai zuwa takwas. Ki riƙa sa shi ya ɗora yatsa a ƙarƙashin harafin farko ya furta sautinsa kafin ya faɗi kalmar. Ki ɗiga masa jan biro a gefen hagu na layi ya san daga nan ake tashi. In ya wuce shekara takwas abin bai ragu ba, kuma kina ganin yana shan wahala fiye da sa'o'insa, to a nemi wanda ya san matsalolin koyon karatu ya duba shi. Ba daƙiƙanci ba ne, kuma duka ba ya maganinsa.

Almajirin_Nahawu:
Ina goyon bayan Malama Ummu Sadiya. Dubban yara suna haɗa allo da boko suna karatu lafiya lau ta kowane ɓangare.

Ɗalibin_Harshe:
Bari in dawo da mu kan tambayar Malama, domin an amsa rabinta ne. An ce juyayyun haruffa ba sa nuna dangantaka, gaskiya ne galibi. Amma akwai wani nau'in haɗa haruffa da yake ɗauke da ma'ana, kuma shi ne ya kamata a fi ba lokaci a aji: inda guntun da aka haɗa saiwa ce. Port daga Latin portare, ɗaukar kaya: import shigo da kaya, export fitar da kaya, transport sufuri, porter ɗan dako, portable abin da ake iya ɗauka. Spect daga kallo: inspect dubawa, spectator ɗan kallo, spectacles tabarau, suspect wanda ake zargi, respect girmamawa, asalinta waiwayowa a dubi mutum. Yaron Bahaushe ya riga ya san wannan tsari a harshensa: karanta, karatu, makaranta, makaranci. Rubuta, rubutu, marubuci, rubutacce. Sai a nuna masa Turanci ma yana da saiwa da ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya, wato ƙarin da ake liƙawa a farko ko ƙarshen kalma. Saiwa guda za ta buɗe masa kalma goma.

Gwani_Na_Tudu:
To ai shi ke nan, duk inda aka ga guntu ɗaya a jere ma'ana ɗaya ce. Kamar pen da pencil, male da female, da history da aka ce his story ce, wai labarin namiji.

Ɗalibin_Harshe:
A'a Gwani, nan ma akwai rami, kuma duka ukun da ka kawo sun faɗa ciki. Pen daga penna take, gashin tsuntsu, domin da shi ake rubutu a da. Pencil, wadda muka mayar fensir, daga penicillus take, ɗan wutsiya, sunan ƙaramin burushin masu zane. Female daga Faransanci femelle ta zo, ba ta da male a cikinta, daga baya ne Turawa suka gyara rubutunta ta yi kama da male saboda sun zaci 'yan uwa ne. History kuwa Girkanci ce, historia, bincike, babu ruwanta da his. Haka island: babu s a asalinta, an cusa mata ne saboda ana zaton daga isle ta fito, shi ya sa ba a furta shi. Kun ga ke nan su kansu masu harshen sun sha yin irin zaton da muke yi a nan.

Sannan ear tana cikin earth, heart, learn, bear, fear, babu wadda ta shafi kunne, kuma furucin ma ba ɗaya ba. Hanyar tabbatarwa ita ce ƙamus mai kawo asalin kalma.

Ƴar_Funtuwa:
To wai babu ko guda cikin juyayyun da suke 'yan uwa na gaske? Duka dace ne?

Tsohon_Hedimasta:
Akwai, kuma tana cikin jerin da Malama ta kawo tun farko. Quiet da quite kakansu ɗaya, Latin quietus, wanda ya huta ko ya natsu. Quiet ta riƙe ma'anar natsuwa. Ɗayar ta biyo ta Faransanci da ma'anar wanda ya sauke bashi ya huta, daga nan aka samu quit, bari, da quite, wato gaba ɗaya, ba saura. Amma sauran ba haka ba. Angel daga Girkanci angelos, manzo. Angle daga Latin angulus, kusurwa. Diary daga dies, rana, littafin da ake rubuta abin kowace rana. Dairy daga wata tsohuwar kalmar Turanci mai nufin mace mai aikin madara. Form Latin ce, from kuwa 'yar gida.

Ɗalibin_Harshe:
In ƙara a kan na Baba: wani lokaci harshe da kansa yakan juya haruffa, abin da muke kira musayar gurbi. Bird a tsohon Turanci brid ce. Three da third saiwarsu ɗaya, r ce ta yi tsalle. Har aks da wasu suke faɗa maimakon ask, ana yi musu dariya, tana da tsohon tarihi a harshen. Mu ma muna da hawainiya da wahainiya, bagaruwa da gabaruwa, bincike da binkice. A nan ma'ana ba ta sauya ba domin kalma ɗaya ce ta fito da fuska biyu. Wannan daban yake da listen da silent.

Ummu_Sadiya:
Malama, ga abin da nake yi a nawa ajin game da tambayarki ta biyu. Ba na fara koyar da form da from rana ɗaya. Sai from ta zauna sosai, sun yi ta rubuta I come from Katsina, a letter from my uncle, sannan bayan mako biyu ko uku in kawo form da takardar cikewa ta gaske a hannuna su gani. Sai duka biyun sun zauna nake haɗa su.

Ranar haɗawa ina yanka kwalin sabulu in rubuta harafi ɗaya-ɗaya da maka, in kira yara huɗu gaban aji kowa ya riƙe nasa a ƙirji. F tana tsaye a farko, M a ƙarshe, ba sa motsi. Sai in ce from, mai R ya matso kusa da F. In ce form, shi da mai O su yi musanya. 'Yan aji suna ihu suna gyara musu in sun tsaya ba daidai ba. Akwai wata yarinya da ba ta cika magana ba, ita ce ta ɗaga hannu ta ce, "Anti, a from bakina yana yin fr tare, a form kuwa sai na buɗe baki tukuna." Tun daga ranar nake sa su furta a hankali kafin su rubuta. Quiet gaɓa biyu ce, su tafa sau biyu. Quite tafi ɗaya. Angel g ɗinta kamar j take fita saboda e na biye da ita, angle kuwa g ce sak.

Tsohon_Hedimasta:
Allah ya yi miki albarka. Ni dai a zamanina tare nake jera su tun farko, domin ina ganin yaro ba ya lura da bambanci sai an ajiye masa biyun gefe da gefe. In kin jinkirta, kuskuren yana iya zama masa jiki kafin ki zo gyara.

Ummu_Sadiya:
Baba, da girmamawa, na gwada hakan na ga masu rauni sun fi rikicewa. Masu ƙoƙari kam ko yaya aka ba su suna ɗauka. Wataƙila ya danganta da aji. Nawa yara sun haura sittin, ba na iya bin kowa ɗaya-ɗaya.

Sarkin_Allo:
Kwalayen nan na Malama Ummu Sadiya ai Scrabble ne ba tare da an kashe kuɗi ba. Murafen lemo ma suna yi, a rubuta harafi a ciki. Kuma a jarrabawar shiga sakandare ana kawo tambayoyin sake jera haruffa a fitar da kalma, don haka ba ɓata lokaci ba ne. Ga aiki ga mai so: E, I, L, V. Akwai kalma huɗu sanannu. Amma da sharaɗina, kowa ya kawo ma'ana.

Ƴar_Funtuwa:
Live rayuwa, evil mugunta, veil mayafi. Ta huɗun ta ƙi zuwa.

Ɗan_Damagaram:
Vile, abin ƙyama. Muna da vil a Faransanci, shi ya taimake ni.

Akawun_Kotu:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Kuna ta maganar yara, amma manya ne suka fi ba ni tsoro, domin kuskurensu yana shiga takardun da ake sa wa hannu. Na ga takardar da aka buga trail, sawu, a wurin trial, shari'a. Na ga fom da aka rubuta martial status maimakon marital status: ta farko ta yaƙi ce, daga Mars gunkin yaƙi na Rumawa, ta biyu ta aure. Akwai united da untied, haɗaɗɗe da kwantacce, kishiyoyin juna ma. Casual, abin da aka yi ba da shiri ba, da causal, abin da ya shafi sanadi. Complaint, ƙorafi, da compliant, mai biyayya. Conversation, hira, da conservation, kiyaye muhalli. Sacred, mai tsarki, da scared, wanda ya tsorata.

Abin da ya sa suke wucewa shi ne kwamfuta da waya ba sa ja musu jan layi, tunda kowacce kalma ce ta gaske. Ido kuma in yana sauri farkon kalma da ƙarshenta yake kamawa ya cike tsakiya da abin da yake zato. Ni kafin takarda ta bar teburina ina karanta ta a bayyane, ina bin layi da rula.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Wallahi haka ne. Wani mai ɗab'i ya taɓa buga wa ƙungiyarmu ta mata littattafan ƙarshen shekara, a bango ya rubuta dairy da manyan haruffa masu ruwan zinare. Sai da aka raba wata jikar shugabarmu ta gani. Ya ƙi sake bugawa, ya ce mu muka sa hannu a samfur.

Malamar_Aji_Biyar:
Na gode ƙwarai, kowa da kowa. Ranar Litinin zan yanka kwalaye. Kan batun a haɗa tun farko ko a jinkirta, zan bi ta Anti Ummu Sadiya a form da from, in bi ta Baba Hedimasta a diary da dairy, in ga yadda shifta za ta nuna. Ɗalibin Harshe, don Allah ka ƙaro min saiwoyi irin port da spect waɗanda 'yan aji biyar za su iya ɗauka.

Ɗalibin_Harshe:
Ki fara da tele, nesa, daga Girkanci: telephone, television, telescope. Sun riga sun san tarho da talabijin. Sai dict, faɗa: dictation, dictionary, predict. Sai bi da tri, biyu da uku: bicycle, tricycle, triangle. Amma ki gargaɗe su kada su ga bi a big ko bird su ce biyu ce, ko tri a trip su ce uku.

Gwani_Na_Tudu:
To biscuit fa? Ita ma bi ce a farko. Biyun me ke cikin biskit?

Ɗan_Damagaram:
Wannan tamu ce. Cuit a Faransanci dafaffe ne, bis kuma sau biyu. Gurasa ce da ake gasawa a sake gasawa ta bushe ƙayau don ta daɗe a tafiyar jirgin ruwa.

Baban_Khalifa:
Malam Almajirin Nahawu, in ka samu sarari ka kawo mana sauran misalan Ibnu Jinni. Ina so in gwada su a kan kalmomin Larabcin da Hausa ta ara in ga ko ma'anar tana biyo su.